Ki Mayar da Kayanki Cikin Akwati, Ramlatu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Daga mahaifinki, Dakta Isiyaku, malamin lissafi, a gidanmu na unguwar Danau Kota, nan ƙasar waje, hawa na tara. Zuwa ga 'yata Ramlatu, wadda ƙofar ɗakinta ke kallon tawa, taku shida tsakani.

Assalamu alaikum wa rahamatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kin tashi lafiya, ina roƙon Allah Ya kare ki daga wannan annoba da ta sa duniya ta rufe hanci, Ya tsare ki a ƙasa, Ya tsare ki a sama, Ya tsare ki a garin da ba ki san kowa ba. Amin.

Za ki yi mamakin uba ya ɗauki biro ya rubuta wa 'yarsa alhali tukunya ɗaya ake zuba musu. Dalili ya sa. Ummanki ta faɗa mini kin zazzage akwatinki a kan gado, kin ce jirgin Jamus na ranar Juma'a ya tashi ba da ke ba, muddin ba ki ji na sa miki albarka da bakina ba. Kin ce tun da takardar gayyatar nan ta zo daga Jamus ban ce miki kanzil ba, don haka fushi nake yi. To, gobe Laraba ce ranar da za a tsikari hancinki a asibiti, kuma in babu takardar gwajin nan babu shiga jirgi. In jirgin ya tashi, gurbin da aka ajiye miki a makarantar wasan tanis wata za a ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in lissafa miki kurakuraina ɗaya bayan ɗaya. Mutumin da ya yi digiri uku, ko huɗu ne ma, ba ya tsoron lissafi, ko da na laifinsa ne.

Kuskurena na farko shi ne raket ɗinki da na ƙwace. Kin tuna. Shekara huɗu kina buga tanis a makarantarku, ni ban ɗauke shi bakin komai ba, sai ana saura kaɗan a kulle gari na ce jarrabawa ta gabato, na ɗauke shi na ɗora a saman kwabata. Na ce wasan da ake ƙirga sha biyar, talatin, sai kuma a yi tsalle a ce arba'in, ba wasan masu hankali ba ne, don ko ɗan aji ɗaya ya san arba'in da biyar ya kamata ya biyo. Na yi wannan magana a gaban kowa ina ji da kaina. Da aka kulle mu, aka ce maigida kaɗai zai fita sayen abinci, sai Ummanki ta nemi katakon yanka albasa sama da ƙasa ta rasa. Ashe yana hawa na biyu, wurin ajiye motoci, kina dukan ƙwallo da shi a jikin bango. Kullum bayan Asuba, tas, tas, tas, har maigadi ya gaji da kora ya koma ƙirga miki. Wata guda muna cin miya da albasar da aka yanka a bayan faranti.

Abin da zan ce miki a nan: duk inda kika je, in aka ɗauke miki kayan aiki, kada ki tsaya kuka, ki duba kicin. Amma ki nemi izinin mai kicin ɗin tukuna, don Ummanki har yau in ta tuna sai ta yi tsaki.

Kuskure na biyu ya fi wannan ban kunya. Ran nan da hantsi aka ƙwanƙwasa mana ƙofa. Na buɗe, sai ga Baturiya doguwa, gashi ya yi fari, da takunkumi a fuska, ta ja da baya kamar yadda doka ta ce. Ta tambaya ko nan ne gidan yarinyar da ke buga ƙwallo a wurin motoci. Ai kafin ta rufe baki na fara ba da haƙuri. Na ce a yafe mana, yarinta ce, daga yau ba za a sake jin ƙara ba, ƙwallon ma zan jefar. Tana ɗaga hannu tana son magana, ni kuwa ina ta zuba Turanci, na rufe ƙofa ina murna na kashe wuta. Har na aiki Sadisu kedai ɗin mamak, shagon abincin nan na ƙasa, ya yi mata tapau, wato ƙunshin gurasar roti da shayi, wai toshiyar baki.

Kin san Sadisu, ɗan ƙanwata, taubashinki. Yaron nan da maigidansa na Kantin Kwari ya aiko ya sayi yadi a kasuwar Jalan Masjid India na mako biyu, aka rufe filin jirgi ya maƙale mana. Yaro mai hankali, mai kyan fuska, wanda ban taɓa ganin irinsa ba a dangi gaba da baya. Shi da ba ya jin Turanci sai "boleh", wato "to, ya yiwu", da "lah" na yaren garin nan da ya tsinta a hanya, shi ne ya dawo daga wurin matar riƙe da raket guda biyu, ya ce, "Kawu, matar nan fa ba ƙara ta kawo ba, ɗiya ta zo nema." Ni mai digiri na kasa gane abin da ɗan makarantar allo ya gane da nunin hannu.

Don haka in baƙo ya zo ƙofarki, ki bar shi ya gama maganarsa. Ba duk wanda ya ƙwanƙwasa ba ne ya zo da faɗa.

Daga baya ne muka san ko wace ce. Bajamushiya ce, tsohuwar 'yar wasan tanis, irin waɗanda wasan ne sana'arsu. Ke kika sa mata suna Koci, wato mai koyarwa, duk gidan muka ɗauka. Ina so in maimaita miki labarinta kamar yadda ta ba mu shi ranar da aka sassauta kulle, aka cire kwaɗon filin tanis na gidanmu, tana zaune a wannan benci muna wancan. Na san kin ji shi, amma kin ji shi ne da kunnen mai son zama gwana, ni kuwa da kunnen uba na ji.

Ta ce a ƙaramin gari ta tashi, babanta mai gasa burodi. A jikin bangon gidan burodin ta koyi dukan ƙwallo, har fenti ya ɓare, shi ya sa da ta ji tas, tas daga barandarta ta ce wannan ba ƙarar ɓarna ba ce, ƙarar wadda ta san abin da take yi ce. Tun ba ta gama girma ba ta shiga yawon gasa, ita da mahaifiyarta a tsohuwar mota, gari zuwa gari, wani lokaci su ci abinci a cikin motar su yi wanki a bahon masauki. Ta zaga duniya da jaka a kafaɗa. Ba ta taɓa zama ta ɗaya ba, ta faɗa da bakinta ba ta ɓoye ba. Ta ce a wannan sana'a duk gasar da aka shiga mutum ɗaya ke komawa gida bai faɗi ba, sauran duk sai sun sha kaye, don haka kusan kowane mako na rayuwarta da faɗuwa ya ƙare. Rana ɗaya ta ce ba za ta manta ba: ta kayar da wata shahararriya a babban fili, jama'a suka miƙe suna tafi, 'yan jarida suka yanyame ta. Kwana biyu tsakani wata yarinya da ba wanda ya san sunanta ta yi mata dukan kawo wuƙa a ƙaramin fili, ba kowa sai masu tsintar ƙwallo. Gwiwarta ta lalace, aka yanka, ta koma, ta sake lalacewa, ta sake komawa. Wasan bibbiyu ne ya riƙe ta shekarun ƙarshe, ita da abokiyarta suka ɗauki kofuna. Ranar da ta ajiye raket babu kiɗa babu taro, ta saɓa jakarta ta hau jirgin ƙasa. Aure ya kawo ta ƙasar nan, mijin ya rasu, ta zauna tana koya wa yara.

Da ta gama sai kika tambaye ta, "To Koci, in haka ne me kika samu?" Ta yi dariya ta ce, "Babana bai taɓa zuwa kallona ba, burodi ba ya jiran kowa. Da ya rasu muka buɗe durowar shagon, sai ga duk jaridar da ta taɓa buga sunana, ya yanke ya adana, garin fulawa duk ya shafe su." Ke kika ce Allah sarki. Ni kuwa na tashi na ce ina da aji a kwamfuta.

Ki riƙe wannan: za ki faɗi, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Ranar da kika ci, kada ki hau sama. Ranar da aka cinye ki, ki yi alwala, ki yi salla, ki ci abinci, ki kira Ummanki. Kuma ki kula da gwiwarki, don guda biyu Allah Ya ba ki, ba a sayar da ta uku.

Kuskure na uku da gangan na yi shi, Allah Ya yafe mini. Da Koci ta ce za ta sa sunanki a gasa, na kafa sharaɗi: dogon wando, riga har gwiwa, kai a rufe. Wannan ban yi nadamarsa ba, ke ma ba ki yi musu ba. Inda na yi laifi shi ne yadin. Na ɗauki Sadisu muka hau jirgin ƙasa na LRT muka sauka tashar Masjid Jamek, muka shiga layin masu yadi, rabin shagunan a rufe. Na zaɓi wani yadi mai kauri kamar labulen masallaci. A zuciyata na ce in ta yi gudu sau biyu a cikin wannan, da zafin garin nan, da kanta za ta ce ta fasa. Mai shagon ma ya dube ni ya ce, "Na wasa ne? Cannot lah, boss." Na ce a yanka. Sadisu ya murza yadin da yatsa biyu, kamar yadda suke yi a Kwari, ya ce, "Kawu, wannan ko jaki aka ɗinka wa sai ya kai ƙara." Na daka masa tsawa. Ashe da na juya ina amsa waya, ya sa an ƙara wani mara nauyi mai shan iska, ya cusa a ƙasan leda. Shi Ummanki ta ɗinka miki. Yaron nan ya ceci mutuncina, kuma maimakon in gode masa, ranar ko cinyar kaza ban bar masa ba.

Nasihata a nan biyu ce. Suturarki ki riƙe ta, ba wanda ya taɓa faɗuwa wasa saboda ɗankwali, kin nuna haka da kanki. Sallarki kuma kada agogon gasa ya cinye ta. Koci ta ce ƙanwarta da za ki zauna wurinta ta riga ta nemo masallacin Turkawa kusa da gidan, har da mai sayar da naman halal. Sannan mai kaurin nan yana nan, an ɗinke miki shi doguwar riga. An ce sanyin can sai ya shiga ƙashi. Kin ga muguntata ma ta yi rana.

Na huɗu shi ne babba. Ranar wasan ƙarshe na gasar nan, da aka ce saboda annoba mutum ɗaya tak zai raka kowace 'yar wasa ban da mai koyarwa, kin tsaya bakin ƙofar ɗakin karatuna da jaka a hannu. Ni ko ɗagowa ban yi ba. Na ce Sadisu ya je.

Ga abin da ya faru kamar yadda ya ba ni labari, kuma shi ba ya ƙarya. Kujeru duk wayam, an ɗaure su da jan zare. Abokiyar karawarki 'yar ƙasa ce, an daɗe ana jin sunanta, ta zo da jaka mai raket shida, ke biyu ne da ke, su ma na aro. Zagaye uku ake yi, wadda ta ci biyu ta yi nasara. Na farko ta cinye ki kamar tana shan ruwa. Kika zauna kika rufe fuska da tawul. Koci ba a yarda ta yi magana ba, sai ta ɗaga hannu ta daki tafinta sau uku, tas, tas, tas. Kika ɗago kika gani. Daga nan kika zama bango. Duk abin da yarinyar ta turo sai ya koma mata: ta buga dama ya dawo, ta buga hagu ya dawo, ta sauke shi dab da raga kika taho a guje ɗankwali na kaɗawa kika ɗebe shi kafin ya taɓa ƙasa sau biyu. Ta fara huci, ta fara kallon babanta. Kika ci na biyu. A na uku har ta kusa gamawa da ke, saura bugu ɗaya, kika tsaya kika gyara ɗaurin kanki a hankali kamar mai shirin zuwa biki, kika dawo kika ƙwace. Bugunki na ƙarshe ya bi gefen layi ya wuce, ko motsi ba ta yi ba. Sadisu ya miƙe a cikin fili shi kaɗai ya kwarara kabbara, takunkumi ya zame har haɓa, alƙalin wasa ya juyo daga kan doguwar kujerarsa ya ce a yi shiru, shi kuwa ya ce masa "boleh, boleh" ya ƙara wata. Koci, matar da ba ta yi kuka ranar da ta ajiye raket ba, ta zauna tana share ido da hular rana. Hoton bidiyon wasan nan ta aika wa tsohuwar ƙungiyarta a Jamus, shi ne suka ce a turo ki, ki yi wasa ki yi karatu.

Kika dawo gida da kofi. Ummanki ta yi guɗa har maƙwabta 'yan Sin suka leƙo. Kika durƙusa kika ajiye shi gabana. Me na ce? Na ce, "An yi La'asar kuwa?"

Ramlatu, na yi laifi. Ban taɓa tsayawa na kalli wasanki ba ko sau ɗaya.

Don haka ki mayar da kayanki cikin akwati. Ki je a tsikari hancin nan gobe. In kin isa za su killace ki, ki yi haƙuri, ɗaki ma yana da bango. Ki girmama mutanen da za su riƙe ki, ki yi musu shara ko ba su sa ki ba. Kada ki manta Hausa kamar ƙaninki Khalil, da ake ce masa ina kwana ya ce fine. Kuma duk abin da za ki aiko gida, ki fara da Sadisu. Takalminsa lamba arba'in da uku ne.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya sa ki fi ƙarfin abokan karawarki, Ya dawo mana da ke da imaninki da gwiwoyinki. Wassalam.

Mahaifinki,
Dakta Isi

A'a. Hannuna ya ƙi ƙarasa sunan.

Ramlatu, ni ne. Sadisu ne. In ba ki gane ba tun daga wurin "mai kyan fuska", to lallai ƙwallo ta taɓa miki kai. Yaushe kika taɓa jin Kawu ya ce ya yi laifi? Yaushe ma kika taɓa jin ya kira sunanki? "Ke" yake ce miki, ko "yarinyar nan". Ni kuwa na yi ta zuba Ramlatu kamar na saya.

Wallahi niyyata in tura miki ita ta ƙarƙashin ƙofa, ki karanta ki yi kuka ki haɗa kaya, sai kin sauka Jamus in kira ki in yi miki dariya. Amma da na zo sa hannu sai na tuna malaminmu na allo. Tsokanar taubashi halal ce a wurina, na ci abincinki, na ɓoye takalminki, amma ƙirƙirar albarkar uba ba tsokana ba ce. In kika hau jirgi da albarkar jabu, ni zan ɗauki nauyin.

Bari in faɗa miki abin da makarantarku ta Turawa ba ta koya miki ba, tunda kina 'yar shekara tara aka kawo ki nan. Ke 'yar fari ce. A gidan su Kawu ba a kiran sunan ɗan fari, ba a yabonsa, ba a nuna an damu da shi a gaban mutane. Kunya ce, ba ƙiyayya ba. Innata har yau ba ta taɓa kiran sunan yayana ba, amma in ya yi zazzaɓi ita ke fara ramewa. Ke kin ɗauka fushi ne, Koci ta ɗauka ƙi ne, har tana tambayata da hannu ko ta yi laifi. Ku duka kun faɗi wannan jarrabawar.

Yanzu ga inda wasan ya juya mini. Ɗazu bayan Azahar ina kan teburin cin abinci ina fama da shafin ƙarshe, kin san bokona na waya ne, da ƙyar nake jan sa. Ban ji tahowarsa ba, sai ganin hannu na yi ya ɗauke takardun. Na ce yau sai Kano a ƙafa. Ya sa tabarau, ya tsaya a tsaye ya karanta tun daga bisimilla. Da ya zo wurin digiri ya ce, "Uku ne." Da ya zo wurin yadi ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Ashe kai ne." Wurin burodi ya daɗe bai juya shafi ba. Sai ya zaro jan biron nan da yake yi wa ɗalibai maki, ya ja layi ɗaya, ya juya bayan takardar ya yi rubutu, ya miƙo mini. Ya ce, "Sauran duk haka aka yi. Ka kai mata. Ka kuma gaya mata wanda ya rubuta, ja'iri."

Ki koma inda na ce bai taɓa kallon wasanki ba. Jan layin da ya ratsa wurin ba nawa ba ne. Ki juya bayan shafin. Ni na riga na karanta, kin san ba na iya haƙuri. Ya rubuta: "Ƙarya ne. Tagar ɗakin karatuna tana kallon filin. Kullum." A ƙasa kuma ya rubuta sunanki, da hannunsa, cikakke.

Na san kin ce da baki kike son ji. To yana falo yanzu haka, ya sa babbar rigarsa ta Juma'a ranar Talata, ya kashe waya, ya kori Khalil, yana ta gyaran murya kamar mai shirin huɗuba. Raket ɗinki na saman kwaba yana kan cinyarsa, ya goge ƙurar da hannun riga. Ki wanke fuskar nan ki fito kafin kunya ta dawo masa, taku shida ne.

Allah Ya tsare hanya, Ya kai ki lafiya, 'yar katakon albasa.

Taubashinki,
Sadisu

Maganar takalmi kuwa tana nan, ita ban janye ba.